Yaran West Memphis uku: hujjar da aka hana shiga kotu, amma ta riga kowa zama a ciki

1/
Akwai wata shari'a da na daɗe ina son mu yi hira a kanta. A 1993 aka kashe yara uku 'yan shekara 8 a Amurka. Aka kama matasa uku, aka yanke wa ɗaya hukuncin kisa, bayan shekara 18 aka buɗe musu ƙofa suka fito. Har yau ana gardama kan wanda ya kashe yaran. Zaren da tsawo, ku gyara zama.

2/
Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne wannan. Akwai wata hujja da doka ta ce ba za a kawo ta gaban kotu ba, kuma aka hana ta. Sai dai jarida ta riga ta buga ta a shafin farko fiye da wata takwas kafin nan, a yankin da za a ɗebo masu yanke hukuncin.

3/
Bari in share fage ga wanda bai saba ba. Mu a Najeriya alƙali ke sauraron shaidu ya yanke hukunci da kansa. A Amurka kuwa, in laifin babba ne, mutum 12 ake ɗebowa daga cikin gari: malamin makaranta, direba, mai shago, matar aure. Su ake kira juri. Su za su ce an aikata ko ba a aikata ba. Aikin alƙali shi ne tsare ƙa'ida.

4/
Kuma rantsar da su ake yi cewa abin da suka ji a cikin kotu kaɗai za su yi aiki da shi. Ban da hirar shagon aski, ban da talabijin, ban da jarida. Ku riƙe wannan rantsuwar, za mu dawo kanta.

5/
West Memphis ƙaramin gari ne a jihar Arkansas, a bakin kogin Mississippi. Kana tsallake gada ka shiga babban birnin Memphis na jihar Tennessee, inda gidajen talabijin da babbar jaridar yankin suke. Garin masu ƙaramin ƙarfi ne, masu riƙo da coci, manyan motocin dakon kaya na ratsa shi dare da rana.

6/
Yammacin Laraba, 5 ga Mayu 1993, Stevie Branch da Michael Moore da Christopher Byers, abokai 'yan aji biyu a firamare, suka fita yawo da kekuna bayan an tashi makaranta. Rana ta faɗi, shiru. Dare ya raba, shiru. Washegari da rana aka gano gawarwakinsu a cikin ruwan wani kwari, a ɗan kurmin da ake kira Robin Hood Hills. An tuɓe su, an ɗaure musu hannu da ƙafa da igiyoyin takalmansu.

7/
Ba zan shiga bayanin raunuka ba. Ya isa ku san cewa munana ne, musamman a jikin ɗaya daga cikinsu, kuma kafin a je ko'ina magana ta cika gari cewa wannan aikin matsafa ne.

8/
Zargin ba daga sama ya faɗo ba. Tun shekarun 1980 Amurka ke fama da tsoron wai akwai ƙungiyoyin masu bautar Shaiɗan da ke yanka yara a ɓoye. A Kalifoniya an kwashe shekaru ana shari'ar makarantar renon yara ta McMartin kan irin wannan zargi, ta ƙare a 1990 ba a samu kowa da laifi ba. A 1988 Geraldo Rivera ya yi shiri na musamman a tashar NBC kan bautar Shaiɗan, miliyoyi suka kalla.

9/
A 1992 wani jami'in FBI mai suna Kenneth Lanning, wanda ya shafe shekaru yana bin irin waɗannan ƙorafe-ƙorafe, ya fitar da rahoto cewa bai ga hujjar da ke tabbatar da waɗannan ƙungiyoyin kisa ba. To amma wa ke karanta rahoton FBI? Talabijin kowa ke kallo.

Mu ma ai mun san irin wannan iskar. Yaro ya ɓata a unguwa, kafin la'asar an ce 'yan shan jini ne, kafin magariba an nuna gidan wani.

10/
Gidan da aka nuna a West Memphis na Damien Echols ne, ɗan shekara 18. Talaka ne da ya bar makaranta, kullum cikin baƙaƙen kaya, yana jin kiɗan Metallica, yana karanta littattafan Stephen King, yana sha'awar addinin Wicca. Ya taɓa kwanciya a asibitin masu taɓin hankali, kuma yana da bakin tsokana. In aka tambaye shi abu, amsar da za ta tsorata mutum yake zaɓa. Babban abokinsa Jason Baldwin ne, ɗan shekara 16.

11/
Wata guda ya kusa cika ba a kama kowa ba. Iyaye sun hana yara fita, 'yan jarida sun tare a gari, 'yan sanda na shan matsi. Ranar 3 ga Yuni suka ɗauko Jessie Misskelley, ɗan shekara 17, wanda gwajin basira ya ba shi maki wajen 72, ƙasa sosai da na yawancin mutane. Ya shafe kusan sa'a 12 a hannunsu, ba lauya, ba mahaifi a ɗakin. Abin da aka naɗa a kaset bai wuce minti 46 ba.

12/
A kaset ɗin ya ce yana wurin lokacin da Echols da Baldwin suka kashe yaran, har ya kamo ɗaya da ya so gudu. Amma ku ji. Da farko ya ce da safe ne, daga baya ya ce da tsakar rana, alhali a lokacin yaran na cikin aji. Ya ce da igiya ruwan ƙasa aka ɗaure su, alhali igiyoyin takalma ne. Sai da aka sake kunna rikoda, ana jan shi a hankali, lokacin ya gangaro zuwa yamma.

13/
A daren aka kama su duka. Washegari babban mai binciken, Gary Gitchell, ya tsaya gaban 'yan jarida. Aka ce masa daga 1 zuwa 10, maki nawa zai ba ƙarfin hujjarsa? Ya ce 11.

14/
Ranar 7 ga Yuni jaridar Commercial Appeal ta Memphis ta fito da furucin Misskelley a shafin farko, da kanu mai ɗauke da maganar ƙungiyar asiri da azabtar da yara. Wani ne ya fitar mata da shi. Kwana huɗu kacal da kamu, ba a fara shari'a ba, ba lauyan da ya yi wa yaron tambaya ko ɗaya.

15/
Kun san kanun labari ba ya ɗaukar kaya da yawa. Ba ya ɗaukar sa'a 12, ba ya ɗaukar maki 72, ba ya ɗaukar bambancin igiya da igiyar takalmi. Abin da ya zauna a kan mutane kalma uku ce: ɗayansu ya amsa. Daga nan duk ranar da aka kawo su kotu sai ka ga taro a bakin ƙofa ana la'antarsu, kyamarori na ɗauka, da dare a haska wa kowa.

16/
Ga wani abu da ya faru a daren da yaran suka ɓata. Wani mutum ya shiga gidan abinci na Bojangles, ba nisa da kurmin, jikinsa da jini, a ruɗe, ya shige banɗakin mata. Aka kira 'yan sanda, amma sai washegari aka kankare jinin daga bango. Daga baya ɗan sandan ya amsa a kotu cewa samfurin ya ɓata a hannunsa. Har yau ba a san ko wane ne mutumin ba. Ban ce shi ya yi ba. Na ce dai da gari ya samu labarin da ya gamsar da shi, ba wanda ya ƙara damuwa da wannan ƙofar.

17/
Aka raba shari'ar biyu. Ta Misskelley aka fara, a garin Corning, a Janairun 1994, gaban alƙali David Burnett. Aka kunna kaset ɗin a kotu. Lauyansa ya kawo Richard Ofshe, masanin yadda ake matsa wa mutum ya amsa abin da bai yi ba, amma alƙali ya taƙaita abin da zai faɗa wa juri. Ranar 4 ga Fabrairu aka same shi da laifi: ɗaurin rai da rai da ƙarin shekara 40.

18/
Don adalci sai na faɗi wannan. Bayan an yanke masa hukunci, Misskelley ya sake maimaita cewa sun aikata, har da lokacin da lauyansa ke roƙonsa ya yi shiru. Masu ganin matasan ne suka yi kisan a nan suke kafa hujja, kuma ba magana ce ta banza ba. Daga baya ya koma yana cewa ba shi da hannu. Da aka nemi ya zo ya ba da shaida a kan sauran biyun, sai ya ƙi.

19/
Nan ne doka ta shigo. Gyara na 6 a tsarin mulkin Amurka ya ba wanda ake tuhuma 'yancin fuskantar mai shaida a kansa, lauyansa ya titsiye shi da tambayoyi. Kaset ba ya amsa tambaya. Tun 1968, a shari'ar Bruton, Kotun Ƙoli ta nuna haɗarin jin furucin abokin tuhuma da bai tsaya an titsiye shi ba. Tunda Misskelley ya ƙi zuwa, furucinsa ya haramta a shari'ar Echols da Baldwin. Ko ambatonsa bai halatta ba.

20/
Maganin da kotunan Amurka suka tanada wa surutun jarida guda uku ne: a kai shari'a wani gari, a tace juri da tambayoyi, alƙali ya gargaɗe su. An yi dukkan ukun. Ku ga yadda kowanne ya ƙare.

21/
An kai shari'ar Jonesboro, kimanin kilomita 100 daga West Memphis. Jaridar Memphis na zuwa can, labarin ya cika jihar, kuma ƙasa da wata guda ke nan da kunna kaset ɗin a Corning, kafafen labarai sun yi ta yayata shi. An ɗauke kotun daga garin, amma an bar ta a cikin inuwar labarin.

22/
Tacewa kuwa yawanci haka take. Ka ji labarin nan? Na ji. Za ka iya ajiye shi gefe ka yi adalci? Zan iya. Shi ke nan, zauna. Wa zai miƙe gaban alƙali da mutanen garinsu ya ce shi ba adali ba ne? Kuma a 1991, a shari'ar Mu'Min, Kotun Ƙoli ta ce ba dole ne alƙali ya tambayi ɗan juri takamaimai me ya karanta ba.

23/
Ba wai kotun ba ta san matsalar ba. A 1961, a shari'ar Irvin daga Indiana, ta soke hukunci saboda 8 cikin juri 12 sun shigo da zaton mutumin ya aikata. A 1963 ta soke na Wilbert Rideau a Louisiana, saboda an haska shi a talabijin har sau uku yana amsa laifi gaban shugaban 'yan sandan yankin kafin shari'a. Shekara 30 bayan nan, ga mu a Jonesboro.

24/
To me aka kawo a cikin kotun? Wuƙa da aka tsamo daga tafkin bayan gidan su Baldwin, ba abin da ya haɗa ta da kisan kai tsaye. Zaren tufafi da aka ce ya yi kama da na wasu kaya a gidajensu, irin kayan da ake samu a kowane kanti. 'Yan mata biyu da suka ce sun jiyo Echols a filin wasa yana cewa shi ya kashe. Wani ɗan fursuna da ya ce Baldwin ya faɗa masa a tsare. Sai baƙaƙen riguna da littattafai.

25/
Sai wani tsohon ɗan sanda daga Ohio da aka gabatar a matsayin masanin tsafi. Da lauyoyi suka titsiye shi, ya amsa cewa digirin digirgir ɗinsa ta wasiƙa ya same shi, bai zauna a aji ba. Alƙali ya bar shi ya ba da shaida. A jawabin rufewa mai gabatar da ƙara John Fogleman ya nuna Echols ya ce in ka leƙa cikinsa ba za ka tarar da rai ba.

26/
Shi ma Echols bai taimaki kansa ba, gaskiya. Yana murmushi wa kyamara, yana gyara gashi, yana amsa tambaya kamar abin bai dame shi ba. Ga mutumin da ya shigo da zaton yaron nan matsafi ne, kowane murmushi hujja ce.

27/
Ana cikin shari'ar wani ɗan sanda, yana ba da shaida, ya yi suɓul da baka ya ambaci bayanin da Misskelley ya yi. Lauyoyi suka miƙe suka ce a rushe shari'ar a sake sabuwa. Alƙali Burnett ya ƙi, ya ce wa juri su yi watsi da abin da suka ji. Yana tattaunawa da lauyoyi ya ce ai babu wani mahaluki a cikin jurin ko a ɗakin kotun da bai san Misskelley ya yi bayani ba.

28/
Ku sake karanta na sama. Alƙalin da kansa ya san rantsuwar da muka yi magana a kai ta riga ta karye tun kafin a yi ta. A wurinsa wannan dalili ne na ci gaba da shari'a. Ni a wurina dalili ne na dakatar da ita.

29/
Ranar 18 ga Maris 1994 juri suka same su da laifi. Washegari aka yanke wa Echols kisa ta hanyar allura, Baldwin ɗaurin rai da rai ba afuwa.

30/
Shekara goma bayan nan aka fara jin abin da ya gudana a ɗakin shawara. Jurin sun kafa manyan takardu suna jera abin da ke goyon bayan kowane yaro da abin da ke kansa. A jerin Echols akwai layi guda da aka shafe da baƙin tawada. Amma wata 'yar juri ta kwafe jerin a littafinta, kuma a nata kwafin layin na nan: maganar Misskelley ce. Hujjar da ba a taɓa gabatarwa ba, ga ta a kan sikeli.

31/
Lauyoyin Echols suka kai wannan kotun ƙolin jihar. A 2005 ta ƙi, ɗaya daga cikin dalilanta shi ne an makara. Ga kuma tsohuwar ƙa'ida da ke hana tonon abin da juri suka tattauna a ɗakinsu. An yi ta ne don kada a riƙa farautar juri bayan hukunci. A nan sai ta zama murfi.

32/
A 2008 wani lauya ya rubuta takardar rantsuwa. Ya ce shugaban jurin, wanda ya ɗauke shi aiki kan wata shari'a daban ta ɗan'uwansa, ya riƙa yi masa hirar shari'ar tana gudana, ya nuna ya san da furucin, kuma yana son a same su da laifi. Zargi ne, ku lura. Ba a kai ga zaman da za a tantance shi da shaidu ba, za ku ga dalili a gaba.

33/
Wani zai ce to ai manya ne, an ce su manta, me ya hana su mantawa? Masana halayyar ɗan'adam sun gwada wannan sau da yawa. A 1999 Nancy Steblay da abokan aikinta suka tattara gwaje-gwaje 44 da aka yi da mutum 5,755. Sakamakon: waɗanda suka ga mummunan labari kan wanda ake tuhuma kafin shari'a sun fi saurin cewa ya aikata.

34/
Yadda abin ke aiki ba sai mutum mugu ne ba. Na farko, ƙwaƙwalwa na riƙe magana ta yar da inda ta samo ta. Bayan mako uku kana sauraron shaidu, ba ka iya rantsuwa ko a kotu ka ji abu ko a talabijin. Na biyu, labarin da ya riga shiga shi ke zama matacin duk abin da zai biyo baya. Wuƙa a tafki, a idon wanda bai san komai ba, wuƙa ce a tafki. A idon wanda ya san "ɗayansu ya amsa", makamin kisa ce.

35/
Na uku, gargaɗin alƙali. Magana zarar bunu ce. In na ce maka kada ka tuna da raƙumi, me ya faɗo maka yanzu?

36/
Kuma furucin amsa laifi ya fi kowace hujja makalewa, domin kowa na ce wa kansa: ni dai ko za a kashe ni ba zan amsa abin da ban yi ba. Mai faɗin haka bai taɓa kwana a ɗakin tambaya yana ɗan shekara 17 ba. A Amurka gwajin DNA ya wanke mutane da dama da suka amsa kisa da bakinsu.

37/
Ga nawa ganin kan abin da ya sa kisan yara ya fi tsanani. In ɗan juri ya ce "bai aikata ba" a shari'ar da ba wani wanda ake zargi, to ya ce wa garinsu makashin yara na yawo a waje, kuma ba a san shi ba. Da yamma zai koma unguwa, ya haɗu da maƙwabta da suka karanta jaridar da ya karanta. "Ya aikata" ita ce amsar da ke barin kowa ya yi barci.

38/
Me ya sa ba a hana jaridar bugawa ba? A Amurka da wuya. A 1976, a shari'ar ƙungiyar 'yan jaridar Nebraska, Kotun Ƙoli ta soke umarnin alƙalin da ya hana buga furucin wani da ake zargi da kashe mutum shida 'yan gida ɗaya. Ingila ta bi wata hanya. Dokarta ta 1981 na hukunta jaridar da ta buga abin da zai gurɓata shari'a. A 2011 an ci tarar Daily Mirror fam 50,000, The Sun fam 18,000, kan yadda suka yi wa wani da aka kama a Bristol fenti, daga baya ta tabbata ba shi da hannu.

39/
Kada mu ce mu ba ruwanmu tunda ba mu da juri. Sau nawa muka ga an zaunar da mutum a ƙasa gaban 'yan jarida, an miƙa masa makirufo ya amsa laifi, kafin ya ga lauya? Mai shaidar da zai zo kotu gobe yana da waya. Mai binciken ma haka.

40/
Yanzu ga inda labarin ya juya. Tashar HBO ta turo Joe Berlinger da Bruce Sinofsky su ɗauki fim ɗin shari'ar. Berlinger ya sha faɗa cewa sun zo ne da zaton matasan sun aikata, domin abin da suka karanta a jarida ke nan. Zaman kotun ne ya sauya musu ra'ayi. A 1996 fim ɗin Paradise Lost ya fito, duniya ta ga abin da aka kira hujja.

41/
Kuɗi da lauyoyi suka fara shigowa. Johnny Depp, Eddie Vedder, Peter Jackson, duk suka sa hannu. Mara Leveritt ta rubuta littafin Devil's Knot a 2002. Ba don kyamara ba, da wataƙila an daɗe da yi wa Echols allurar. Wannan gaskiya ce, ba na musunta.

42/
Amma bari in tona wa kaina asiri. Ranar da na kalli kashi na biyu na fim ɗin, wanda ya fito a 2000, na tashi da yaƙinin na san makashin. Fim ɗin ya karkata kan mijin uwar ɗaya daga cikin yaran: ƙato, mai surutu, mai abubuwa kamar a wasan kwaikwayo. Ya taɓa ba masu fim kyautar wuƙa da aka samu ɗigon jini a jikinta, an kuma cire masa haƙora bayan kisan, ga masu cewa akwai alamar cizo a jikin yaro. Na ce wa abokina wallahi shi ne, ko tantama babu.

43/
Ba a taɓa tuhumarsa ba, gwajin da aka yi daga baya bai nuna shi ba. Mutumin nan ya koma yana cikin masu fafutukar a saki matasan. Na yi masa daidai abin da Jonesboro ta yi wa Echols: na kalli fuska da hali, an sa min kiɗa a ƙasa, na yanke hukunci a kan katifata cikin sa'a biyu. Bambancina da juri shi ne ni ba a ba ni takardar sa hannu ba.

44/
A 2007 sakamakon DNA ya fito. Ba abin da ya dace da Echols ko Baldwin ko Misskelley. An samu gashi guda a ƙullin igiyar takalmi da ya yi daidai da na mijin uwar wani yaron daban, amma irin gwajin ba ya ware mutum ɗaya, kuma gashin mutumin gida na iya bin yaro ko abokinsa ko'ina. Ya musanta, 'yan sanda ba su tuhume shi ba. Kyamarori dai suka juya kansa. Mutum na uku ke nan.

45/
A shekarar ce kuma manyan likitocin binciken gawa, irin su Werner Spitz da Michael Baden, suka ce yawancin raunukan da aka kira yankan tsafi dabbobi ne suka yi su bayan mutuwa, irin su kififiya a cikin ruwan. Ashe tushen maganar tsafin ma da rauni.

46/
A Nuwamban 2010 kotun ƙolin Arkansas ta ba da umarnin a zauna a duba sabbin hujjoji, har da batun juri. Kafin ranar zaman, sai aka yi ciniki. Ranar 19 ga Agusta 2011, a Jonesboro ɗin dai, suka karɓi abin da ake kira roƙon Alford: ka ce ban aikata ba, amma na yarda gwamnati na da hujjar da za ta iya ɗaure ni. Aka rubuta su masu laifi, aka ce zaman da suka yi, shekara 18 da kwana 78, ya isa.

47/
Baldwin da farko ƙi ya yi, ya ce gara ya zauna har a wanke shi. Ya sa hannu ne saboda abokinsa da ke jiran kisa, lafiyarsa na lalacewa. Da wannan cinikin zaman da za a yi kan shugaban juri ya mutu, ba a yi shi ba.

48/
A takardun jihar Arkansas shari'ar a rufe take, masu laifi uku, an gama. Iyayen yaran kansu sun rabu, wasu na nan kan cewa matasan ne, wasu sun ce ba su ba ne. Stevie da Michael da Christopher, da suna raye, da yanzu sun haura 40.

49/
Echols bai daina ba. An taɓa cewa kayan shaidar sun ɓata ko sun ƙone, sai a ƙarshen 2021 lauyansa ya shiga ma'ajiyar 'yan sandan West Memphis ya tarar da su, har da igiyoyin takalman. Wata kotu ta ce ba shi da damar neman sabon gwaji tunda ba a tsare yake ba. A Afrilun 2024 kotun ƙolin jihar ta soke wannan, ta ce yana da damar nema. Abin da ya nemi a gwada shi ne ƙullin igiyoyin, inda hannun wanda ya ɗaure yaran ya taɓa.

Nan zan tsaya. Sai da safenku.